Me Ya Sa Kwano Ke Tsatsa a Ƙasar da Ruwan Sama Ya Yi Ƙaranci?

 

Sharhinmu na yau a kan tsatsa ne. Wanda ya zaga Mai Yara da ƙauyukanta, da na Kornaka, da Sabon Mashi, da Birnin Lalle, har cikin garin Dakoro, bayan kaka, lokacin da aka sayar da wake da ƴan bisashe, ƴan ci-rani kuma suka aiko da abin da ya samu, zai ga sabon kwano yana walƙiya bisa ɗakuna, bisa masallaci, bisa ajin lakwal. In ya dawo bayan damina uku ko huɗu, zai tarar wani rufin yana nan fari tas, wani kuwa ya yi jawur, har ya soma yoyo ta bakin ƙusa. Rana ɗaya ke dukansu, ruwa ɗaya ke sauka kansu. Mai ɗaki ya ce haka Allah ya nufa, ko ya ɗora wa kafinta laifi. Ni kuwa abin da na zo in faɗa shi ne, yawancin tsatsar nan ba a Mai Yara ta samo asali ba. Tun daga masana'anta aka ɗauro ta cikin bandir.

Ga dalilina. Tsatsa ba ta cin ƙarfe sai da laima. Mu kuwa a gundumar Dakoro damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, sauran shekara sai hunturu da bazara, iska busasshiya. Abin da ke kare kwano da bokiti da bututu daga tsatsa wata siririyar riga ce ta wani farin ƙarfe, tutiya, ko zinki yadda masu sana'a ke faɗa. Kaurin rigar ana auna shi da maikuron, wato milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. Masana sun auna sun gano cewa a karkara mai busasshiyar iska, abin da tutiya ke zubarwa a shekara bai kai maikuron ɗaya ba, alhali a bakin teku, irin su Kwatano da Lome, gishirin iska na iya cin biyu zuwa huɗu. Kwano mai kyau, wanda aka buga wa lamba Z275, yana ɗauke da giram 275 na tutiya a kowane murabba'in mita, in an haɗa fuska biyun. Wannan ya kama maikuron 20 a kowace fuska. Ku yi lissafin da kanku. Irin wannan kwano a sararin Mai Yara ya kamata ya haura shekara 20 ba a ga ja a jikinsa ba. To in naka ya yi ja a shekara huɗu, ɗayan biyu ne: ko tutiyar ba ta kama ba, ko ba ta isa ba.

Bari mu fara da rashin kamawa, don nan ne aikin da ba mai ganinsa yake.

Ƙarfen da ake kai wa masana'anta ba ya zuwa da tsabta. Akwai maiƙo a jikinsa, akwai baƙin ɓawon da wutar ƙira ta bari, akwai tsatsa. Sai a tsoma shi cikin ruwan soda mai zafi ya cinye maiƙon, a ɗauraye. A tsoma shi cikin asid, galibi wanda ake kira haidurokulorik, ya cinye ɓawon da tsatsar har ƙarfe ya fito tsirara, a sake ɗaurayewa. To fa nan ake yin ta. Ƙarfe tsirara ba ya jimre iska ko kaɗan. Kafin a ɗauke shi a kai tukunyar tutiya, wata tsatsa da ido ba ya gani ta riga ta lulluɓe shi. Narkakkiyar tutiya kuwa ba ta kama ƙarfe in da wani abu tsakaninsu, sai ta zame ta bar wurin fili.

Saboda haka ake yi masa wanka na uku. Gishiri iri biyu ake narkawa cikin ruwa mai ɗumi. Na farko amoniyam kulorayid, farin gishirin nan da maƙeran fari da masu like bokiti suka daɗe suna kira sinadari. Na biyu zinki kulorayid, wanda ake samu in an narka tutiya cikin asid. A tsoma ƙarfen a ciki, a ciro, a busar da shi ƙayau. Gishirin ya bushe a jikinsa ya zama wani siririn ɓawo da ke tare iska. Daga nan sai tukunya. Tutiya tana narkewa wajen digiri 420, a masana'anta kuma ana riƙe ta wajen 450. Ƙarfen na shiga, sinadarin ya narke, ya saki ɗan asid ɗin da ke cikinsa, ya ɗebe sauran tsatsar da ta saura, ya ture datti da ke yawo bisa narkakkiyar tutiyar, sannan ya tashi ya zama farin hayaƙi. A wannan ɗan lokacin ne tutiya ke haɗuwa da ƙarfe ba shamaki. Kuma ba shafa ba ce irin ta fenti. Tutiyar tana ratsa fatar ƙarfen, su narke cikin juna su zama hawa-hawa, na ƙasa mai ƙarfe da yawa, na sama tutiya zalla. Minti kaɗan ne, an gama. Wasu masana'antu ba sa busarwa, sai su zuba sinadarin ya yi kumfa bisa tukunyar, ƙarfen ya ratsa ta cikinsa ya nutse. Hanya ta bambanta, amma buƙata ɗaya ce.

Duk wanda ya taɓa yaɓe ya san wannan. In ba ka share bango ka yayyafa masa ruwa ba, ko wace irin ƙasa ka kwaɓa, yaɓen zai zauna ne bisa ƙura, ruwan farko ya ɓamɓare shi.

Wannan ilimi ba na jiya ba ne. A 1742 wani masani a Faransa mai suna Malouin ya bayyana wa majalisar masana ta ƙasarsu yadda ake tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya. Amma abin bai zama sana'a ba sai da Stanislas Sorel, shi ma Bafaranshe, ya yi rajistar hanyarsa a 1837, hanyar da ta haɗa wankan asid da sinadari kafin tsomawa. Shi kansa sinadarin, a zamanin da, Masar ce ta yi suna wajen yin sa, kuma daga baƙin hayaƙin kashin dabbobi da ake ƙonawa a murhu ake tace shi, har da na raƙumi. Abin da makiyayanmu ke takawa su wuce, shi ne ya taɓa zama tushen hajar da ake lodawa jirgin ruwa zuwa Turai.

Yanzu ina ake ɓata aikin? A wurare da dama, kuma duk kuɗi ne ke jawo shi. In ba a ɗauraye ƙarfen da kyau ba bayan asid, sai ya kwaso narkakken ƙarfe ya zuba cikin ruwan sinadari. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ruwan ya gurɓace ya rasa ƙarfi. Masana'antar da ta san abin da take yi tana gwada ruwan nan a kai a kai, tana sa masa magani ƙarfen ya kwanta a tace shi, tana ƙara gishiri in ya yi tsarwa. Wadda ke neman araha sai ta yi ta tsomawa cikin ruwa ɗaya har ya zama laka. In an bar kaya ya daɗe bayan wankan kafin a tsoma, laima ta sake kama shi. In kuwa aka tsoma shi bai bushe ba, wannan ya wuce maganar inganci ya zama maganar rai: ɗigon ruwa da ya shiga tukunya mai digiri 450 nan take yake zama tururi, ya watsa narkakkiyar tutiya jikin ma'aikata.

Mai saye a kasuwa ba ya nan aka yi duk wannan, amma kayan yana faɗin labarinsa ga mai lura. Baƙin tabo, ko wuri da ya fita dabam ba tutiya, alama ce sinadari bai yi aikinsa ba. Ƙuraje-ƙuraje masu kaushi dattin tukunya ne ya maƙale. Wani toka-tokan ɓawo da ke damshi da safe, ragowar gishirin ne da ba a wanke ba, kuma shi ya fi muni, domin zinki kulorayid yana zuƙar laima daga iska, ya zauna yana cin rigar daga wurin. Akwai kuma masu fesa fenti mai ruwan azurfa su rufe aibin. Ƙa'ida ta yarda a gyara ɗan ƙaramin wuri da fenti mai garin tutiya, amma fentin ƙyalli kawai ba ya kare kome. Kankara da farce ko bakin ƙusa, za ka gani.

Sai dai gaskiya ta sa in ƙara wannan. Yawancin kwanon rufin zamanin nan ba ya bi ta ruwan sinadari. A shekarun 1930 wani injiniya ɗan ƙasar Folan, Tadeusz Sendzimir, ya fito da wata hanya: a warware nannaɗaɗɗen ƙarfe ya bi ta cikin tanderu mai iskar haidurojin, iskar ta cinye tsatsar, ya faɗa tukunya kai tsaye bai sha iskar waje ba. Manyan masana'antu da ita suke aiki, ko da yake akwai ƙanana da har yau suke bin tsohuwar hanya. Inda sinadari ke da sarauta yanzu shi ne wajen kayan da ake ƙerawa tukuna sannan a tsoma: bututun famfo, bokiti, turakun lantarki, ƙarafan da ke ɗauke da tankin ruwa da faifan sola, ƙusa da noti masu kyau. A kwano kuwa, cutar da ta fi yawa ita ce ta biyu, rashin isa.

Tutiya ta ninka ƙarfe tsada sau da yawa, a kasuwar Landan kuma ake yanke mata farashi. Wajen rabin wadda duniya ke haƙowa a rufe ƙarfe take ƙarewa. Ba kuma da sauƙi ake samunta ba. A maƙwabciyarmu Burkina Faso, a watan Afrilun 2022, ruwa ya cika ramin haƙar tutiya na Perkoa, ma'aikata takwas suka rasa rayukansu. To a masana'antar kwano, bakin tukunya akwai wata iska mai ƙarfi da ake hura wa ƙarfen yana fitowa, tana share tutiyar da ta yi yawa. Mai injin na iya ƙara iskar ya bar rubu'in abin da ya kamata, ko ƙasa da haka. Kwanon zai fito yana walƙiya daidai da mai kyau. Ranar saye ido ba ya raba su. Zanen furen nan ma da ake gani a jikin kwano, wanda wasu ke cewa shi ne shaidar na asali, ba ya nuna kauri. Yadda tutiyar ta daskare ne kawai, da ɗan abin da aka gauraya mata. Haka kayan zai taso, wani daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa, wani daga tashar jirgin ruwa, ya sauka Maraɗi, ya hau mota zuwa kasuwannin ƙauye, ba wanda ya tambayi nauyin tutiyarsa a hanya.

Na san za a ce araha ba ta ado, wanda ya sayi mai sauƙi shi ya so. Ban yarda da wannan hukunci ba. Magidancin da ya tara jikkunansa shekara biyu don ya raba iyalinsa da yoyon shigifa, in ya zaɓi mai sauƙi yana sane, wannan shawararsa ce, aljihunsa ya duba. Abin da ke ci mini rai shi ne a karɓi kuɗin mai kyau a ba shi marar kyau, ko a jera iri uku gabansa ba rubutu ba lamba, a ce ya zaɓa. Yawancin ƴan kasuwarmu ma ba su sani ba, yadda aka ba su haka suke bayarwa. Amma rashin sani yana da magani. Alhaji, in ka je sari, tambayi babban dila lamba nawa ce tutiyar, ya rubuta maka a takardar saye. In an yi ta tambaya, dole a soma kawo amsa.

Ku kuma masu saye, kada ku tsaya ga kaurin kwano kaɗai, don kaurin ƙarfe dabam, kaurin tutiya dabam. Duba gefe ko bayan kwanon ko akwai tambari da harafin Z da lamba. In lambar ta yi sama, tutiyar ta fi yawa. Mai harafi AZ shi ne wanda aka gauraya da sanholo, kashi 55 cikin ɗari, irin da wani kamfanin Amurka, Bethlehem Steel, ya fitar kasuwa a 1972, kuma yana jimre sarari sosai. Lanƙwasa ɗan kusurwa, in rigar ta tsage tana zuba, ba ta kama ba. In ka kai gida, kada ka jibge bandir a ƙasa ruwa ya shiga tsakani; kwanon da ya kwana manne da juna cikin laima farar tsatsa ke kama shi tun bai hau ɗaki ba. Kada ka jingina masa buhun takin zamani ko siminti. Ƙusa kuma a nemi ta kirki, domin mai siririn shafe ita ke fara ruɓewa, ta zubo da ja, ta buɗe wa ruwa ƙofa.

Yanzu bari mu gangara rijiya, inda abin ya fi tsanani. Ƙasar Dakoro ruwanta na da nisa, kowa ya sani, kuma famfo in ya tsaya, mata da yara ne ke biyan kuɗin da ƙafafunsu. Famfon hannu irin India Mark II ana yawan haɗa shi da bututu da sanduna masu rigar tutiya, tiyon galba yadda masu gyara ke kiransa. Bututun da sinadarinsa ya gaza, wurin da tutiya ba ta kama ba yana iya kasancewa ta ciki, inda ba mai leƙawa. Wurin da aka yanka zare don ɗaurawa kuwa dama an kankare rigar, nan tsatsa ke fara kama, nan kuma yake tsinkewa ya faɗa ƙasa. Amma a nan akwai abu na uku da ya wuce laifin masana'anta, shi ne halin ruwan kansa. Tun shekarun 1980 wani masani, Otto Langenegger, ya bi famfunan Afirka ta Yamma yana aune-aune, abin da ya fito kuma ya zama ƙa'ida ga masu aikin ruwa: in ma'aunin tsamin ruwa, wanda ake kira pH, ya yi ƙasa da 6.5, kada a sa tiyon galba, kome kyawunsa. Ruwan zai cinye tutiyar ya kama ƙarfen. Alamarsa kun san ta. Ruwan safe ya fito ja, ya ɓata farin tufa, shayi ya yi baƙi, baki ya ji ƙarfe-ƙarfe, har mutane su guji famfon su koma tabki. Ƙasar Yuganda ta kai ga dakatar da sa irin wannan bututu a famfunanta. Maganin ba ɓoyayye ba ne: bututun roba mai ƙarfi, ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ko famfo irin Vergnet na takawa da ƙafa, wanda tiyonsa na roba ne. Gwajin tsamin ruwa kuma aikin minti kaɗan ne a bakin rijiya. Ba kowace rijiya ke da wannan hali ba, shi ya sa ake gwadawa kafin a saya, ba bayan an zura ba.

Ina da magana da ƴan'uwana masu walda. In wuta ta taɓa ƙarfe mai tutiya, farin hayaƙin nan da ke tashi tutiya ce ta ƙone, don tana tafasa a digiri 907, wutar walda kuwa ta wuce nan nesa. Wanda ya shaƙe shi da rana, da dare sai zazzaɓi, da sanyi, da ciwon gaɓoɓi, da ɗacin baki, ya ɗauka sauro ne ya sayi maganin da ba nasa ba. Galibi yana saki cikin kwana ɗaya ko biyu, amma maimaita shi ba alheri ba ne ga huhu. Madarar da ake sha bayan aiki abinci ce mai kyau, sai dai ciki take tafiya, hayaƙi kuwa ƙirji ya shiga. Ba ta wanke shi. Goge tutiyar daga bakin wurin kafin ka ɗora wuta, yi aikin a fili iska na kaɗa hayaƙin gaba, kada ka sa yaron shago ya sunkuya kansa a kai. In ka gama, wurin da ka ƙona ya zama tsirara, shafa masa fenti. Ku ma iyayenmu mata, bokitin tutiya na ruwa ne. Kada a jiƙa tsamiya ko zoɓo a ciki, kada nono ko kunu mai tsami ya kwana a ciki. Tsami yana narkar da tutiya, wanda ya sha kuma sai amai da murɗar ciki.

Maganata ta ƙarshe ga masu kashe kuɗin jama'a ce: hukumar gari, da kwamitin rijiya, da kwamitin iyayen yara, da ƙungiyoyin da ke zuwa su gina mana aji ko ɗakin shan magani. Talaka ɗaya ba ya iya tsare ɗan kwangila, amma takarda tana iyawa. Akwai ƙa'idar duniya mai lamba ISO 1461 a kan kayan da aka tsoma. Ta ce ƙarfen da kaurinsa ya wuce milimita 6 ya samu maikuron 85 na tutiya, mai milimita 3 zuwa 6 ya samu 70, wanda bai kai milimita ɗaya da rabi ba ya samu 45. A rubuta wannan cikin kwangilar tankin ruwa da turakun sola. A rubuta lambar Z cikin kwangilar rufin aji. A rubuta cewa sai an gwada ruwa an nuna sakamako kafin a zaɓi bututu. Akwai ƴar na'ura mai maganaɗisu, ba ta fi wayar hannu girma ba, ana ɗora ta bisa ƙarfe ta faɗi kaurin rigar nan take. Guda ɗaya a hannun ma'aikacin gine-gine na gunduma ta ishi Mai Yara da maƙwabtanta. Ranar karɓar aiki a zo da ita, a auna gaban mai gari da kwamiti, kafin a sa hannu a biya kason ƙarshe.